Zama da Maɗaukin Kanwa: Abin da Taurarin 16 Cygni Ke Faɗa Game da Rana

A gefen arewa na sararin samaniya, cikin rukunin taurarin da Turawa ke kira Cygnus, Larabawan dauri kuma suka kira shi Dajaja, akwai wani ɗigon haske mai rauni da masana suka yi wa lamba 16 Cygni. Mai lafiyayyen ido da ke bayan garin Kano, Katsina ko Damagaram zai iya tsinkayo shi a daren da babu wata, musamman a watan Oktoba, lokacin da giragizan damina suka janye, hazo kuma bai sauko ba. Nisansa tafiyar haske ce ta shekara 69, wato hasken da ke isowa a daren yau ya baro can tun kafin Najeriya da Nijar su sami 'yancin kai a 1960.

Idan aka dube shi da ƙaramin madubin hangen nesa, ɗigon kan rabe biyu. Taurari ne guda biyu, kowannensu da Rana kamar an tsaga kara, a girma da zafi da launi. Ana kiran su A da B. Akwai na uku, C, ƙaramin jan tauraro mai dishi-dishi da ke raɓe da A, wanda sai manyan na'urori ke ganinsa. Da a ƙasar Hausa ne, da an ce Hasan da Husaini da Gambo. Husainin, wato B, shi ne mai iyali: wata katafariyar duniya ta iskar gas na kewaya shi, nauyinta aƙalla ya ninka na Mushtari, wadda ake kira Jupita, sau 1.7.

Wannan gida mai rana uku hujja ce a kan wani tsohon kuskuren tunani. Ɗan Adam ya tashi a ƙarƙashin tauraro ɗaya tilo, mai duniyoyi takwas da ke tafiya a jere cikin natsuwa, sai ya ɗauki tsarin gidansu a matsayin ma'aunin da za a gwada kowane gida da shi. Alhali kuwa kusan rabin taurarin da suka yi kama da Rana suna da abokan zama, kuma abokin zama na sauya makomar duniyoyi. Duk lissafin yawan duniyoyin da za su iya ɗaukar rayuwa, idan ya ajiye irin waɗannan taurari a gefe, rabin lissafi ne. Ya kamata a dawo da su tsakiyar bincike, ko da kuwa aiki a kansu ya fi wuya da tsada.

Yadda aka gano ta

Har yau babu wanda ya ga duniyar 16 Cygni B da ido ko a hoto. Ta hanyar rangajin tauraronta aka san da ita. Tauraro na jan duniyarsa, ita ma tana jansa gwargwadon nauyinta, don haka yayin da take kewaya shi, shi ma yakan ɗan yi gaba ya dawo baya. Idan aka rarraba hasken tauraro zuwa launukansa kamar bakan gizo, akan ga wasu siraran layuka masu duhu, waɗanda sinadaran jikinsa ke haddasawa. Lokacin da tauraron ke matsowa, layukan kan gusa ɓangaren shuɗi. Lokacin da yake ja da baya, su gusa ɓangaren ja. Mushtari na sa Rana rangaji da gudun kimanin mita 12.5 a daƙiƙa. Duniyar bil'adama kuwa santimita 9 kacal take iya motsa ta. Rangajin 16 Cygni B ya kai kusan mita 50 a daƙiƙa, yana kuma maimaituwa duk bayan kwana 799, wato shekara biyu da wata biyu da 'yan kwanaki.

Da wannan dabara ce Michel Mayor da Didier Queloz, 'yan ƙasar Suwizalan, suka gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro mai kama da Rana, 51 Pegasi, a 1995, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Shekara ɗaya bayan haka, a 1996, William Cochran da Artie Hatzes na cibiyar McDonald a jihar Teksas, tare da Paul Butler da Geoffrey Marcy masu aiki da cibiyar Lick a Kalifoniya, suka sanar da duniyar 16 Cygni B, bayan sun haɗa ma'aunan da kowane ɓangare ya tara. A waccan shekara dai aka sanar da duniyoyi a 55 Cancri da Tau Boötis da Upsilon Andromedae, kuma dukkan taurarin ukun suna da ƙaramin abokin zama. Ashe tun a sahun farko na abin da aka gano, alamar ta riga ta bayyana.

Hanyar da ba ta yi kama da ta gida ba

Masana na auna nisa a cikin irin waɗannan tsare-tsare da tazarar da ke tsakanin Rana da duniyar bil'adama, kimanin kilomita miliyan 150. A kira wannan tazara zango ɗaya. Suna kuma auna miƙewar falaki, wato hanyar da duniya ke bi wajen kewaya tauraronta, da lamba tsakanin 0 da 1: sifiri na nufin cikakkiyar da'ira, kusantar 1 kuma na nufin doguwar hanya mai siffar ƙwai da aka ja. Miƙewar falakin duniyar bil'adama 0.017 ce, shi ya sa nisanta da Rana ba ya wuce kilomita miliyan 147 zuwa 152 a tsawon shekara. Ta Mushtari ba ta kai 0.05 ba. Ta duniyar 16 Cygni B ta kusa 0.7.

Ma'anar wannan lamba ita ce, a kowane kewaye tana kusantar tauraronta har zuwa kimanin rabin zango, sannan ta yi nisa har zango 2.8. Da za a ɗauko ta a sa a tsarin Rana, da za ta shigo har cikin falakin Zuhura, tauraruwar da ake kira Zara, sannan ta fice ta wuce Mirrihi da nisa. Hasken da take samu a wuri mafi kusa ya ninka na wuri mafi nisa kusan sau 30. Bazararta gajera ce mai ƙuna, domin a kusa da tauraro take fin sauri. Hunturunta kuwa dogo ne.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga batun rayuwa. Kowane tauraro na da yankin da zafinsa ya yi daidai, inda ruwa zai iya kwanciya a bayan ƙasa bai daskare ba bai ƙafe ba. Ga tauraro irin Rana, yankin na kusa da zango ɗaya. Katafariyar duniyar 16 Cygni B na ratsa wannan yanki sau biyu a kowane kewaye, shiga da fita. Ƙaramar duniya mai duwatsu da ta zauna a nan ba za ta daɗe ba: ko a tunkuɗa ta cikin tauraro, ko a cilla ta waje. Tauraron kansa ba shi da aibu, don da shi kaɗai za a duba, da an ce ga wata Rana. Hanyar da babbar duniyarsa ke bi ce ta rufe ƙofa.

Hannun maƙwabci

Duniyoyi na samuwa ne daga faifan ƙura da iskar gas da ke juyawa a kewayen sabon tauraro, kuma abin da ya fito daga irin wannan faifai yakan fara tafiya ne a kan falaki mai kusan da'ira. To, me ya lanƙwasa wa wannan duniya hanya? Amsar da ta fi shahara ta fito ne daga aikin mutum biyu da ba su san da wannan tauraro ba. A farkon shekarun 1960, Mikhail Lidov na Tarayyar Sobiyat, mai nazarin tafiyar taurarin ɗan Adam, da Yoshihide Kozai na Japan, mai nazarin duwatsun da ke shawagi tsakanin Mirrihi da Mushtari, kowannensu ya gano abu guda. Idan wani jiki na kewaya wani, sannan akwai na uku mai nauyi can nesa wanda falakinsa ya karkace daga na farkon da fiye da digiri 39, to jan na nesan, duk da rauninsa, yakan taru sannu a hankali. Falakin na ciki sai ya riƙa musayar karkata da miƙewa: karkatar ta ragu, miƙewar ta ƙaru, sannan a koma, a sake. Lidov ya nuna cewa da falakin Wata a tsaye yake sak bisa shimfiɗar hanyar da duniya ke kewaya Rana, da jan Rana ya sa Wata ya faɗo cikin 'yan shekaru ƙalilan.

A 1997 Matthew Holman da Jihad Touma da Scott Tremaine suka nuna cewa tauraron A na iya yi wa duniyar B irin wannan aiki. Tazarar da ake gani tsakanin taurarin biyu ta haura zango 800. Don a gane girman wannan nisa, Naftun, duniya ta ƙarshe a tsarin Rana, tana zango 30 ne, kumbon Voyager 1 kuma da ya tashi tun 1977 bai kai zango 200 ba tukuna. Kewaye ɗaya na A da B na cin shekaru fiye da dubu goma. Daga duniyar B, tauraron A ɗigo ne kawai, ko da yake haskensa na iya kusantar na wata daren goma sha huɗu. Amma lokaci na gefensa. Na'urar hangen nesa ta Kepler ta auna girgizar cikin taurarin biyu, wadda ke bayyana a ɗan ƙyaftawar haskensu, aka kuma samu cewa shekarunsu sun kai kimanin biliyan 7, alhali Rana na da biliyan 4.6. Sannu ba ta hana zuwa. Juyin da ke buƙatar miliyoyin shekaru ya sami damar maimaituwa sau da yawa.

Akwai misalin da ya fi wannan tsanani. Tauraron HD 80606, shi ma mai kama da Rana, yana da abokin zama a nisan fiye da zango 1,000, da kuma duniya mai nauyin Mushtari huɗu wadda miƙewar falakinta ta kai 0.93. Duk bayan kwana 111 takan gifta dab da tauraronta, a nisan da bai wuce kashi 3 cikin 100 na zango ba. Na'urar Spitzer ta ga zafinta ya tashi daga kimanin digiri 500 zuwa fiye da 1,200 a ma'aunin Salshiyos cikin sa'a shida. Zama da maɗaukin kanwa, in ji masu iya magana, shi ke kawo farin kai.

Adalci ne a faɗi cewa ba maƙwabci kaɗai ke miƙar da falaki ba. Manyan duniyoyi biyu na iya kusantar juna su yi turereniya, ɗaya ta fice, ɗaya ta saura a kan karkatacciyar hanya, kuma an ga duniyoyi masu miƙaƙƙen falaki a wajen taurarin da su kaɗai suke. Sai dai wannan bai rage nauyin batun ba. Rarrabe wane dalili ne ya yi aiki a ina, da kuma sau nawa, ba zai yiwu ba sai an ƙirga duniyoyin taurari masu abokan zama da irin kulawar da ake ƙirga na marasa su.

Wane ne bare?

A 2010 Deepak Raghavan da abokan aikinsa suka wallafa ƙidayar taurari 454 masu kama da Rana da ke cikin tafiyar haske ta shekara 82. Kashi 56 cikin 100 su kaɗai ne. Kashi 33 na da abokin zama ɗaya, kashi 8 gida ne mai taurari uku, kashi 3 kuma sun fi haka. Dalilin a fili yake: taurari na haihuwa ne daga gajimaren iskar gas da ke ruftawa cikin kansa, kuma gajimare mai juyawa yakan tsage gida-gida. Tagwaye da 'yan uku al'ada ce a can. Rana na cikin masu rinjaye, amma rinjayen siriri ne.

Duk da haka, shekaru da dama masu farautar duniyoyi ta hanyar rangaji sun riƙa cire taurarin da ke manne da juna daga jerin abin da za su duba, domin hasken na biyun na gauraya da na farkon ya ɓata ma'auni. Uzurin na da ma'ana, amma sakamakonsa shi ne, daga cikin duniyoyi fiye da 6,000 da aka tabbatar zuwa 2025, kason da aka sani a gidaje masu taurari da yawa ya yi ƙasa ƙwarai da kason irin waɗannan gidaje a sararin samaniya. Wani ɓangare na gibin na gaskiya ne, wani ɓangare kuma na rashin dubawa ne, kuma raba su shi ne aikin.

Ɓangaren gaskiyar ya fara fitowa. A 2016 Adam Kraus na Jami'ar Teksas da abokansa suka bi taurarin da Kepler ta ga alamar duniyoyi a wajensu, suka nemi abokan zamansu da manyan madubai. Sun samu cewa idan tazarar taurari biyu ba ta kai zango 47 ba, yawan duniyoyi kan faɗi zuwa kusan sulusin abin da ake samu a sauran wurare. Maƙwabci na kusa yakan datse faifan ƙurar tun yana ɗanye, ya kuma hargitsa ƙananan duwatsun da ya kamata su manne su girma, har su riƙa karo suna farfashewa. Maƙwabci na nesa, irin na 16 Cygni, yakan bar duniyoyi su samu, daga baya ya taɓa hanyarsu. Ke nan amsar tambayar ko tauraro zai yi duniyoyi, da irin duniyoyin da zai yi, ta rataya ne a kan wanda ke kusa da shi.

Akwai kuma wata ɓarna ta ɓoye. Yawancin duniyoyin da aka sani an gano su ne ta hanyar giftawa: duniya ta ratsa gaban tauraronta, haskensa ya ɗan ragu, daga yawan raguwar a lissafa girmanta. Idan akwai tauraro na biyu da ba a lura da shi ba a cikin ɗigon hasken, raguwar za ta yi kamar ba ta kai yadda take ba, sai a raina girman duniyar. Idan taurarin biyu haskensu ɗaya ne, girman gaskiya ya ninka wanda aka auna sau 1.4. Duniyar da aka rubuta faɗinta 1.2 na duniyar bil'adama, ta zama 1.7 ke nan. Masana kuwa sun lura cewa a wajejen 1.6 ne duniyoyi ke tashi daga masu duwatsu zuwa masu lulluɓin iskar gas mai kauri. Rashin kula da maƙwabci na iya sa a shigar da duniya cikin jerin masu kama da wannan, alhali ba ta da ƙasar da za a taka.

Tagwaye a matsayin ɗakin gwaji

Amfanin irin waɗannan taurari bai tsaya ga gyaran ƙidaya ba. Likitoci na daraja nazarin tagwaye domin asalinsu ɗaya ne, don haka bambancin da ya bayyana daga baya rayuwa ce ta kawo shi. Haka taurari. A da B na 16 Cygni daga gajimare ɗaya suka fito, a lokaci ɗaya, da sinadarai iri ɗaya. Ya kamata a ce fuskokinsu sun yi daidai. Ba su yi ba. Tauraron A ya fi B sinadarin litiyam ninki huɗu ko fiye. A 2011 Iván Ramírez da abokansa suka ba da rahoton cewa A ya fi B ƙarafa da sauran sinadarai masu nauyi da kimanin kashi 10 cikin 100. Wani ayarin masana a waccan shekara bai ga bambancin ba, amma ma'aunai mafi tsanaki da suka biyo baya sun gan shi.

Fassara biyu ke kan gaba. Ta farko ta ce sinadaran da B ya rasa suna kulle ne a cikin duniyarsa, wato ita ta kwashe su tun suna cikin faifai. Ta biyu ta ce A ne ya sami ƙari, domin ya haɗiye wata duniya tasa, watakila wadda irin wancan jan maƙwabci ya tunkuɗo masa. Ko wacce ta tabbata, an sami hanyar karanta tarihin duniyoyi a fuskar tauraro. A 2024 Fan Liu da abokansa suka wallafa nazarin tagwayen taurari guda 91 a mujallar Nature, inda suka samu cewa aƙalla ɗaya cikin kowane 12 na ɗauke da alamar an haɗiye duniya. Tauraron da yake shi kaɗai ba zai iya ba da wannan shaida da irin wannan ƙarfi ba, domin babu ɗan'uwan da za a gwada shi da shi. Ita kanta Rana tana da ɗan ƙarancin sinadaran da ke yin duwatsu idan aka gwada ta da yawancin takwarorinta, kuma tagwaye irin na 16 Cygni ne za su taimaka a gane ko duniyoyinta ne suka ci rabon.

Hujjar masu taka-tsantsan

Masu ganin a bar irin waɗannan taurari sai daga baya suna da tarihi a hannunsu. A 2005 aka sanar da wata babbar duniya a HD 188753, gida mai taurari uku a cikin rukunin Cygnus ɗin dai. A 2007 wani ayari daga Janeba ya sake aunawa bai ga komai ba. A 2012 aka sanar da duniya mai nauyin wannan a wajen Alpha Centauri B. A 2015 masana a Jami'ar Oksfod suka nuna cewa alamar ta fito ne daga yadda aka jera lokutan aunawa. A 2016 aka nuna hoton wata duniya mai rana uku a HD 131399. Shekara ɗaya bayan haka ta tabbata cewa wani tauraro ne can baya da ya faɗo cikin hoton. Lokacin babbar na'ura kuɗi ne masu yawa, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai dai tarihin na da ɗaya fuskar. A 1988 Bruce Campbell da Gordon Walker da Stephenson Yang na Kanada suka ga alamar duniya a Gamma Cephei, tauraron da abokin zamansa ke kimanin zango 20 daga gare shi. A 1992 aka janye maganar saboda shakka. A 2003 Hatzes da Cochran da abokansu suka tabbatar cewa duniyar na nan, tana kewaye cikin kusan shekara biyu da rabi. Wato shekara bakwai kafin 51 Pegasi an riga an ga duniya, a gida mai taurari biyu, a tazarar da ka'idojin samuwar duniyoyi ke shan wahalar bayyanawa. Kura-kuran da aka lissafa a sama kuwa, ƙarin bincike ne ya gyara su duka, cikin shekara ɗaya zuwa uku. Wurin da kuskure ya yi yawa ya fi buƙatar a tsananta dubawa.

Abin da ke gaba

Batun ya wuce muhawarar malamai, domin akwai shawarwari masu tsada da za a yanke. Hukumar NASA na tsara wata babbar na'ura, Habitable Worlds Observatory, da burin tashi a shekarun 2040, don ɗaukar hoton duniyoyi masu kama da wannan da binciken iskarsu. Irin wannan na'ura na aiki ne da marfin da ke toshe hasken tauraro don a ga abin da ke gefensa. Marfin tauraro ɗaya yake rufewa. Hasken na biyu kan tsiyayo ya cika hoton. Idan ba a zuba kuɗi da basira wajen dabarar danne hasken taurari biyu a lokaci guda ba, dole a tsallake da yawa daga cikin taurari mafi kusa.

Mafi kusan dukkansu kuwa yana cikin waɗanda abin zai shafa. Alpha Centauri, mai nisan tafiyar haske ta shekara 4.4, wanda ake gani ƙasa-ƙasa ta kudu daga arewacin Najeriya a dararen Mayu da Yuni, shi ma gida ne mai taurari uku: biyu masu kama da Rana da ke kewaya juna cikin shekara 80, da ƙaramin ja, Proxima, wanda aka gano duniya a wajensa a 2016. A watan Agustan 2025 masana masu aiki da na'urar James Webb suka sanar cewa a hoton da suka ɗauka shekara ɗaya kafin nan sun ga wani ɗigo kusa da Alpha Centauri A, kimanin zango biyu daga gare shi, mai yiwuwa duniya ce mai nauyin Zuhal. Ba a sake ganinsa ba a Fabrairu da Afrilun 2025, ko da yake lissafi ya nuna tana iya kasancewa ta matsa kusa da tauraron ne har haskensa ya rufe ta. Har yanzu zato ne mai jiran tabbaci. Idan ya tabbata, siffar da ake hasashe, babbar duniya ta iskar gas a kan miƙaƙƙen falaki cikin yankin ruwa na tauraro mai abokin zama, ita ce siffar 16 Cygni B.

Kayan aikin gyara sun fara samuwa. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda ya yi aiki daga 2013 zuwa 2025, ya ba da damar tantance tagwayen taurari fiye da miliyan ɗaya. Abin da ya rage shawara ce: a tantance abokan zaman kowane tauraron da aka ce yana da duniya kafin a rubuta girmanta, a ware lokacin manyan na'urori don taurarin da aka saba tsallakewa, kuma duk wanda zai faɗi adadin duniyoyi masu kama da wannan ya bayyana ko lissafinsa ya haɗa da gidaje masu rana biyu da uku. Natsuwar falakin duniyar bil'adama, wadda ta sa damina da rani ke zuwa a kan ƙa'ida shekara bayan shekara, tana da alaƙa da cewa Mushtari ta zauna a kan hanyarta mai kusan da'ira, kuma babu wata rana ta biyu da ke janta daga nesa. Sanin ko wannan hali gama-gari ne ko kuwa rabo ne na 'yan ƙalilan sai an leƙa gidajen da ke da maƙwabta.